Yadda Ake Inganta Irin Gero Domin Yawan Tsaba da Ƙarin Sinadarin Ƙarfe

Mafi yawan manomanmu suna zaɓen iri ne bayan an ɗaure dammuna an kai bakin rumbu, inda mutum zai zare manyan zangarnu ya ɗaure su daban ya rataye. Wannan dabara ce ta riƙe mana gero tun kaka da kakanni, amma tafiyar hawainiya take yi, domin wanda ya zaɓi zangarniya a bakin rumbu bai ga gindin da ta fito ba, bai san ko a ƙarƙashin gawo ta tsaya ta ci taki ita kaɗai ba, kuma bai san bununin da ya sauka a kanta ba. Hanyar da zan bayyana a nan ita nake bi, tana cin damina uku zuwa huɗu, kuma manufarta fitar da iri mai yawan tsaba wanda ƙwayarsa ta fi ta gida sinadarin ƙarfe da na zinki, sinadarai biyu da jikin mutum yake bukata daga abinci. Rashin sinadarin ƙarfe shi ne babban dalilin ƙarancin jini ga mata masu ciki da ƙananan yara, kuma a gidan da fura da tuwon gero ne cimar yau da gobe, babu hanyar da ta fi kusa ta isar musu da shi kamar ta cikin geron kansa.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne iri biyu da za a aura, kuma zan yi bayaninsu a mataki na biyu. Sai fili da bai gaza rubu'in hekta ba, wanda ƙasarsa ta yi kusan daidai daga wannan gefe zuwa wancan. Ana bukatar igiyar awo da turaku domin yanka filin, da tsummoki ko zare masu launi biyu domin yi wa gindi alama, da littafi da fensir. Fensir na ce, domin rubutun biro yana narkewa idan raɓa ta taɓa shi. Ana bukatar jakunkunan takarda dogaye na rufe zangarniya, kuma idan babu na sayarwa, a yanka takardar kaki mai kauri a liƙe ta da gam a gida, a kuma auna tsawonta da irin da za a rufe, domin zangarniyar zango takan kai mita guda. Kada a yi amfani da leda ko kusa, domin tana tara gumi ta ruɓar da kan cikin kwana biyu. Sai sikeli mai auna giram, da ambulan ko ƙananan jakunkunan yadi kamar ɗari uku, da turmi da taɓarya na itace, da faifai, da kwanukan roba. Taki kuma a tanadi gwargwadon abin da manomin yankin yake iya sa wa gonarsa, kada a wuce haka.

Abin da ya kamata a sani game da furen gero

Gero ba ya auren kansa sai kaɗan. Idan ya yi ciki ya fid da kai, bayan kwana biyu ko uku za ka ga wasu fararen zaruruwa masu laushi sun lulluɓe zangarniyar, suna farawa daga sama suna gangarowa, su ne ɓangaren mace. Sai bayan sun gama fitowa ne bununi, wato ɓangaren namiji mai zubar da ƙura rawaya, yake bayyana a kan wannan zangarniyar. Kafin nan iska ta riga ta kawo ƙurar wasu gindaye ta sauke a kan zaruruwan, shi ya sa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙwayar da ke kan kowace zangarniya ubanta daga wani gindi yake. Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, duk gindin banza da ka bari ya yi bununi a gonar iri ya riga ya zuba jininsa a cikin zangarnun da za ka zaɓa. Na biyu, aurar da gero da hannu abu ne mai sauƙi, tunda akwai kwanakin da zangarniya take mace zalla.

Game da sinadarin ƙarfe kuma, gadonsa na tarawa ne: 'ya'ya suna faɗowa kusan tsakiyar uwa da uba. Idan alal misali irin gida yana da miligiram 40 a kowane kilo, baƙon iri kuma yana da 65, to haɗinsu zai tsaya wajen 52, kuma zaɓe ne zai ɗaga shi daga nan. Ƙarfe da zinki tare suke tafiya a jinin gero, saboda haka wanda ya zaɓi ɗaya yakan samu ɗayan a kan hanya.

Mataki na 1: Tsayar da abin da ake nema

Kafin a taɓa ƙasa, a zauna da manoman da za su shuka irin, da kuma matan da za su surfa shi su dama, a rubuta siffa uku ko huɗu kawai. Ni nakan tsaya kan yawan tsaba, da kwanakin nuna da suka dace da tsawon daminar wurin, da juriyar cuta, da sinadarin ƙarfe. Wanda ya jera siffa goma ba zai ci gaba a ko ɗaya ba, domin kowace siffa da aka ƙara tana rage ƙarfin zaɓe a kan sauran.

Mataki na 2: Zaɓen iyaye

Uwa ta zama irin da ya riga ya saba da ƙasarku kuma mutane suna son sa. Yana iya zama na gargajiya kamar zango, ko ingantacce da ya daɗe a hannun manoma, irin su SOSAT-C88 da aka saki a Najeriya a shekarar 2000, da Super SOSAT da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar a 2011, ko HKP da Zatib na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar. Uba kuma dole ya zama irin da aka auna aka tabbatar yana da ƙarfe da yawa, domin wannan siffa ba ta ganuwa da ido, kuma launin ƙwaya ko girmanta ba shaida ba ne. Mafi yawan ire-iren da suka shahara da ƙarfe sun gaji abin ne daga wani geron gargajiya na arewacin Togo da maƙwabtanta da ake kira iniyadi, mai manyan ƙwayoyi masu ruwan toka, mai saurin nuna. Daga jininsa aka fitar da GB 8735, da Dhanashakti a Indiya, da kuma Chakti wanda ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, da INRAN suka saki a Nijar a 2018, mai ɗauke da kimanin miligiram 65 na ƙarfe a kilo guda.

Mai karatu na iya tambaya me zai hana a shuka Chakti kawai a huta. Babu laifi, kuma a inda damina take gajera shi ne shawarata. Amma zangarniyarsa gajera ce, wanda ya saba ɗaure damin zango yana ganin ta sai ya taɓe baki, karansa bai kai na gida yawa ba ga mai bukatar danni ko abincin dabbobi, kuma da yake yana riga gonakin maƙwabta nuna, tsuntsayen gari duka a kansa suke sauka. Auren shi ne zai kawo ƙarfen cikin jikin geron da mutane suka riga suka amince da shi.

A nemi irin uba daga cibiyar bincike ko amintaccen kamfanin iri ta hannun malamin gona, kada a saye shi a mudu a kasuwa, domin wanda ya yi shekara biyu yana yawo a gonaki ya riga ya gauraya. Kada kuma a aura gero da maiwa a matakin koyo, domin maiwa tana jiran rana ta gajarta kafin ta fid da kai, kuma 'ya'yansu za su warwatse wajen lokacin nuna.

Mataki na 3: Keɓe gonar iri

Gonar iri tana bukatar nisan mita 400 daga kowace gonar gero, idan kuma abin ya faskara, kada a gaza 200. Na san a ƙauyen da gero ya kewaye ta ko'ina wannan magana ce mai wuya, saboda haka akwai mafita uku. Ana iya raba wa maƙwabtan gonar irin uwar kyauta su shuka, ta yadda ƙurar da za ta shigo ba baƙuwa ba ce. Ana iya neman fili a tsakiyar gonakin dawa, ko masara, ko gyaɗa, a kuma bar layi biyar na kowane gefe a matsayin katanga, ba a ɗaukar iri daga cikinsu. Ana kuma iya yin aikin da rani a fadama, lokacin da babu gero a tsaye a ko'ina, sai dai a daidaita shuka yadda sanyin hunturu ba zai daƙile tsiro ba, tsananin zafin Afrilu kuma ba zai riski fure ba, a kuma tanadi mai korar tsuntsu tun daga asuba.

Mataki na 4: Aurar da iri biyun, damina ta farko

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne shuka uwa da uba rana ɗaya, sai uba mai saurin nuna ya gama bununi kafin uwa ta fid da kai. A shuka uwa da ruwan farko, sannan a shuka uba sau uku, mako guda tsakanin kowace shuka, domin a tabbata akwai ƙura a duk ranar da ake bukatarta.

Da zarar bakin zangarniyar uwa ya leƙo daga cikin ganye, kafin ko zare ɗaya ya fito, a rufe ta da jakar takarda a ɗaure gindin jakar ba tare da an shaƙe karan ba. A riƙa leƙawa kullum. Ranar da ka ga fararen zaruruwa sun rufe yawancin zangarniyar kuma babu alamar bununi, ta isa aure. Da yammacin ranar sai ka rufe zangarnun uba da suka fara bununi da wasu jakunkunan. Washegari da hantsi, bayan raɓa ta bushe, tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya, ka lanƙwasa kan uban a hankali ka bubbuga jakar, za ka ga ƙura rawaya ta taru a ƙasanta. Ka haɗa ƙurar gindaye biyar ko goma a jaka ɗaya, ka zare jakar uwa, ka zura wannan a madadinta, ka girgiza sosai, ka ɗaure, ka rubuta kwanan wata. Ƙurar gero ba ta jure zafi, saboda haka a yi amfani da ita nan take, kada a aje ta zuwa azahar. Idan ka tarar saman zangarniyar uwa ya fara fid da bununinsa, ka yanke wannan ɓangaren ka zubar kafin ka zuba ƙura.

A aura aƙalla zangarnu 100 na uwa da ƙurar gindaye 100 na uba. Wanda ba shi da jakunkuna yana iya shuka layi biyu na uwa da layi biyu na uba bi da bi a keɓaɓɓen fili ya bar iska ta yi aikin, sai dai ya sani wani kaso na ƙwayar ba aurarre ba ne, kuma hakan zai ƙara masa damina guda kafin jinin ya gauraya. Bayan girbi a ɗebi tsaba daidai wa daida daga kowace zangarniya, misali cokali ɗaya, a haɗe su wuri guda.

Mataki na 5: Zaɓe a tsaye, damina ta biyu

Wannan shi ne zuciyar aikin. Idan da hali, a shuka haɗin sau ɗaya da rani a keɓe ba tare da zaɓe ba, domin jinin iyaye ya ƙara cuɗanya kuma bambancin 'ya'ya ya bayyana sosai. Sannan da damina a shuka rubu'in hekta, santimita 75 tsakanin kunyoyi, santimita 50 tsakanin ramuka, abin da zai ba da ramuka sama da 6,000. Bayan mako biyu a cire a bar tsiro ɗaya tak a kowane rami, domin idan gindi uku suka tsaya wuri ɗaya ba za ka san na wa kake yabo ba.

Kada a wanke irin wannan fili da maganin da ake cuɗa iri da shi, ko da yake a gonar abinci yana da amfani. Dalili shi ne maganin yana ɓoye gindayen da ba su jure cutar da ke mayar da kan gero ganye, kai kuwa so kake su tona kansu. Alamarta ta farko ganye ne da ya yi rawaya daga gindinsa, idan ka juya bayansa da sassafe sai ka ga farin abu kamar gari. Duk gindin da ka gani haka ka tuge shi ka ƙone ko ka binne shi nesa, domin ƙwayar cutar tana shekaru a cikin ƙasa.

Zagaye na farko na zaɓe ana yin sa ne kafin bununi, kuma shi ne wanda mutane suka fi sakaci da shi. A bi layi-layi a tuge masu cuta, da raunana, da waɗanda suka yi saurin fid da kai ko suka makara fiye da kima, da shibra. Shibra tana kama da gero tun tana ƙarama, amma takan yi 'ya'ya barkatai sirara, ta riga kowa fure, ta kuma zubar da ƙwayarta ƙasa, kuma idan ta yi bununi sau ɗaya a gonar iri sai an yi shekaru ana fama da jikokinta. Abin da aka tuge kafin bununi an cire shi daga uwa da uba gaba ɗaya, wanda aka tuge bayan bununi kuwa rabin aiki aka yi.

Zagaye na biyu ana yin sa idan ƙwaya ta ƙosa. A nan sai a yanka filin da igiya gida-gida, kowane gida kunya huɗu da rami goma, wato gindi 40, kuma daga kowane gida a ɗaura wa gindi biyu mafiya kyau tsumma. Ko gidan ya faɗa a jigawa mai rauni sai an fitar da biyu, ko ya faɗa a wuri mai albarka ba a wuce biyu. Hikimar ita ce ana gwada kowane gindi da maƙwabtansa da suka ci ƙasa ɗaya. A shekarata ta farko ban san wannan ba, na bi ido na cika buhu da zangarnun da suka fi burge ni, ashe yawancinsu daga kewayen wata gawo da wani tsohon mashekari suka fito. Da na shuka su a damina ta gaba babu abin da ya raba su da geron da na fara da shi, domin takin shanu na zaɓa, kuma taki ba ya bin jini. A guji kuma gindin da ke bakin gona ko wanda ramin kusa da shi ya mutu, domin sarari ya samu.

Abin dubawa a gindi shi ne zangarniya mai tsauri wadda idan ka matsa ta da hannu ba ta lotsawa, cike da ƙwaya tun daga gindi har baki, da 'ya'ya biyu ko uku da suka yi kai suka nuna tare da uwarsu, da kara mai tsayuwa. A bar duk wadda ke da burtuntuna, ko mai danƙo yana ɗiga, ko wadda tsutsar murzuna ta yi wa zanen nan nata mai kewaya zangarniya. Tsawo kaɗai yaudara ne, domin doguwar zangarniya mai sako-sako takan kasa gajera mai tsauri a kan sikeli. A ƙarshe za a samu zangarnu wajen 300. A yanke su daban kafin girbin gona, a shanya a kan tabarma, a sussuke kowace ita kaɗai, a auna, a zubar da masu ƙanƙanan ƙwaya da masu yawan ƙaiƙayi har a rage 100, kowace a ambulan ɗinta da lambarta.

Wanda ba shi da lokaci ko fili na matakan da ke gaba yana iya tsayawa nan, ya haɗe zangarnun 300 ya maimaita wannan zaɓe kowace damina. Zai ga canji a lokacin nuna, da siffar zangarniya, da juriyar cuta, amma yawan tsaba zai riƙa hawa ne a hankali, ƙarfe kuma zai tsaya inda aure ya aje shi.

Mataki na 6: Gwada 'ya'yan kowace zangarniya, damina ta uku

Kyan uwa ba ya tabbata sai an ga 'ya'yanta. Daga kowace ambulan a ɗebi kaɗan a shuka layi guda mai tsawon mita 5, a kuma maimaita a wata gona dabam, ko a wani ɓangare na gonar, tare da sauya jerin lambobin domin kada layi ya samu maƙwabci ɗaya sau biyu. Bayan kowane layi goma a sa layin irin uwa na asali, shi ne ma'auni. Sauran tsabar da ke cikin ambulan a adana ta da kyau, domin ita ce ainihin irin da za a koma wa. Abin da layukan gwaji suka haifa ya riga ya sha ƙurar layuka marasa kyau.

A rubuta ranar da rabin layi ya yi fure, da yawan gindaye masu cuta, da yawan zangarnu, da nauyinsu bayan sun bushe, da nauyin tsaba bayan sussuka. Idan kilo 10 na zangarniya ya ba da wajen kilo 7 na tsaba, layin ya cika da kyau. Inda ƙuduji ya addabi gona, a lura da layukan da suka yi tsaba duk da shi. A fitar da layuka 40 da suka fi ma'auni a gonakin biyu, ba a guda ɗaya kawai ba.

Mataki na 7: Auna sinadarin ƙarfe

Cibiyoyin da ke wannan aiki suna amfani da wata na'ura mai haska ƙwaya da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kuma cikin 'yan mintoci take faɗin yawan ƙarfe da zinki ba tare da an niƙa ƙwayar ba. Manomi ɗaya ba zai mallake ta ba, saboda haka a bi ta ƙungiyar manoma ko malamin gona a tuntuɓi masu binciken gero, kamar na Maiduguri, ko na ICRISAT a Kano da Sadore kusa da Yamai, ko sashen aikin gona na jami'a mafi kusa, a ji yadda za a aika samfur da yawan da suke so. Giram 20 zuwa 30 daga kowane layi yakan wadatar.

Inda ake ɓata wannan mataki shi ne wajen shirya samfur. Ƙasarmu cike take da ƙarfe, saboda haka zangarniyar da ta taɓa ƙasa, ko aka shanya a kan tsohon kwanon rufi mai tsatsa, ko aka sussuke a injin ƙarfe, za ta nuna adadi mai yawa na ƙarya. Na taɓa murna da wasu layuka uku da suka zarce kowa, daga baya na gano su ne waɗanda yara suka shanya a kan murfin tsohuwar ganga. A yanke zangarnun samfur daga gindayen da ke tsaye, a sa su kai tsaye cikin jakar yadi, a shanya su a cikinta, a murje da hannu mai tsabta ko a turmin itace, a sheƙe a faifai, a zuba a ambulan. A ɗebo daga zangarnu biyar zuwa goma na kowane layi, kuma su zama cikakku, domin zangarniyar da ƙwayarta ba ta kama sosai ba takan tara ƙarfe a 'yan ƙwayoyin da ta samu, sai ta yi kamar ta fi kowa. A tura samfurin uwa da na uba tare da sauran, domin ƙasa da yanayin shekara suna motsa adadin, kuma da su ne za a gane inda kowane layi ya tsaya.

Idan awon ya gagara sam, mafita ita ce a ƙara jinin uba: a sake aurar da zaɓaɓɓun layukan da shi sau ɗaya, ta yadda kashi uku cikin huɗu na jinin zai zama nasa, sannan a zaɓi siffar gida da ido daga cikin 'ya'yan.

Mataki na 8: Haɗa zaɓaɓɓu su zama iri ɗaya

Daga layuka 40 a ɗauki 20 zuwa 25 da suka haɗa tsaba da ƙarfe. Kada a ɗauki layin da ya fi kowa ƙarfe idan tsabarsa ta gaza ma'auni, domin manomi ba zai shuka abin da zai rage masa dami ba, komai amfaninsa ga jini. Za ka ji sha'awar tsayawa kan layuka biyar da suka fi fice, amma ka daure, domin gero yana lalacewa idan dangi na kusa suka yi ta auren juna: tsayi ya ragu, zangarniya ta ƙanƙance, tsaba ta faɗi. Akwai kuma haɗarin cuta. Indiya ta fitar da geronta mai aure na farko, HB 1, a 1965, amma a farkon shekarun 1970 cutar nan mai mayar da kai ganye ta yi wa HB 3, wani geron mai aure da ya biyo bayansa, mummunar ɓarna, saboda gonaki masu yawa jini ɗaya ne a cikinsu.

A koma ambulan ɗin da aka adana, a ɗebi tsaba daidai wa daida daga kowace zaɓaɓɓiya, a cuɗe, a shuka a keɓaɓɓen fili, a tuge marasa kyau kafin bununi, a bar iska ta aura sauran. Idan aka yi wannan da rani an ceci shekara guda. Abin da aka girbe shi ne sabon iri.

Mataki na 9: Gwaji a gonakin mutane da cikin tukunya

A raba wa manoma biyar zuwa goma, kowa ya shuka sabon irin gefe da gefe da nasa, rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya, a kuma auna tsaba da sikeli, domin dami ba ya da girma ɗaya. Sannan a ba mata mudu biyu na kowanne ba tare da an faɗa musu wanne ne wanne ba, su faɗi wanda ya fi sauƙin surfe, da wanda ya fi fid da dusa, da yadda furarsa take kama jiki, da yadda tuwonsa yake kwana. Maganar dusa tana da muhimmanci, domin wani kaso na ƙarfen yana bayan ƙwaya, kuma irin da sai an surfa shi da ƙarfi kafin ya yi fari zai sa abin da aka sha wahala aka tara ya bi dusa ya ƙare a kwanon awaki. Jiƙa gero da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wani sinadari da ke hana hanji tsotse ƙarfen, saboda haka a gwada irin a wannan girkin ma.

Mataki na 10: Riƙe irin da adana shi

Kowace shekara a ware ɗan fili a keɓe domin iri kawai, a tuge baƙi kafin bununi, a ɗauki iri daga zangarnu da ba su gaza 200 ba daga tsakiyar filin. A shanya har ƙwaya ta riƙa fashewa da ƙara idan an cije ta, sannan a zuba a buhu mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi da ba ta shan iska, a aje a inuwa a kan katako, a rubuta sunan iri da shekara a ciki da waje. A ware mudu guda na haɗin farko a aje shi daban, domin idan gonar iri ta gauraya ko fari ya cinye ta a samu inda za a koma. Mako biyu kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100 a nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan kwana biyar, idan waɗanda suka tsira ba su kai 75 ba a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a koma wa ajiyar. Bayan damina uku ko huɗu a sake tura samfur a auna ƙarfen, kuma idan ya fara sauka, a maimaita daga mataki na biyar.